Wa Zai Yi Wa Yara Wa'azi a Misa?

Unguwar Briqueterie a birnin Yawunde an san ta da Hausawa da masu suya, kuma mafi yawan mazaunanta Musulmi ne. Yaron Kirista da ya tashi a irin wannan unguwa da Hausa yake wasa a titi. Ranar Lahadi kuwa sai ya ji wa'azi da Faransanci ko Ewondo mai zurfi, ya koma gida hannu banza. Shi ya sa iyaye sukan yi tambaya: me ya hana katikis, wanda ya san harshen yara, ya yi musu wa'azin?

Ikkilisiyar Katolika tana da doka a kan wannan. A shekarar 1973 Roma ta fitar da jagora domin Misar yara, inda ta yarda wani babba ya yi wa yara magana bayan karatun Bishara, in Fada ya amince, musamman idan yana shan wuyar sauko da magana daidai hankalinsu. Amma kundin dokokin Ikkilisiya na 1983, a doka ta 767, ya ce wa'azin cikin Misa na firist ne ko dikin. A 2004 Roma ta sake jaddada haka, ta ce idan akwai bukata wanda ba a naɗa ba ya yi magana, to a bari sai bayan addu'ar da ke bin karɓar Jibin Ubangiji.

Dalilin shi ne wa'azi sashe ne na hadayar kanta, ba darasin makaranta ba. Wanda aka naɗa ya gutsuttsura gurasa, shi ne zai gutsuttsura Maganar.

Duk da haka ba a rufe bakin katikis ba. Ajin koyarwa nasa ne. Yana iya karanta wa yara Bisharar ranar da Hausa tun daren Asabar, ya kuma zauna da Fada ya nuna masa kalmomin da yara za su gane. A 2021 Paparoma Francis ya mai da aikin katikis hidima ta musamman cikin Ikkilisiya.

Dokar kuwa ta ɗora wa firist kaya mai nauyi. Tun da shi da dikin kaɗai aka ba wa'azin, wajibi ne ya koyi yin magana yadda ɗan shekara bakwai zai fahimta. Idan bai iya harshen yaran ba, ya nemi taimakon katikis tun kafin Lahadi. Yaron da ya yi shekaru yana zama a coci bai taɓa gane wa'azi ba, da wuya ya ci gaba da zuwa idan ya girma.