Yini Guda a Bakin Ruwan Annapolis

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A hutun makaranta na shekarar 2023 Allah Ya nufe ni da ziyartar ƙanwata da ke aure a Baltimore ta ƙasar Amurka, kuma tun kafin in sauka na riga na ƙudurta cewa sai na taka garin Annapolis, hedikwatar jihar Maryland, wanda tafiyarsa ba ta kai awa guda a mota ba.

Dalili kuwa shi ne, tun muna samari a zango muka kalli fim ɗin Roots a gidan bidiyo, muka ga yadda aka ɗaure Kunta Kinte, saurayi Musulmi ɗan Mandinka, ana zabga masa bulala don ya saki sunan da ubansa ya raɗa masa ya karɓi na ubangida. Fim ɗin daga littafin Alex Haley aka ɗauko shi, wanda ya fito a 1976, aka nuna shi a talabijin dare 8 a jere cikin Janairun 1977. A cewar Haley, a Annapolis aka sauke wannan kaka nasa.

Mun isa da hantsi, ni da ɗan ƙanwata mai shekara 11. Gari ne ƙarami mai tsabta, gidajensa na jan bulo, hanyoyinsa duk sun gangaro zuwa bakin ruwa. A nan jirgin Lord Ligonier ya tsaya ran 29 ga Satumba, 1767, ɗauke da bayi 98 da suka rage da rai cikin 140 da aka loda a Gambiya. Abin da na tarar sai jiragen shaƙatawa na masu hali, da gidajen cin ƙaguwa. A gefe guda ga mutum-mutumin Haley na tagulla, wanda aka kafa a 1999, yana zaune da littafi a cinya, yara 3 suna saurarensa. Allon tunawa na farko da aka sa a wurin a 1981 bai kwana 3 ba aka sace shi.

Daga nan muka hau tudu zuwa majalisar jihar, inda Janar George Washington ya ajiye muƙaminsa na shugaban mayaƙa a Disambar 1783. A harabar ginin, tun daga 1872, akwai mutum-mutumin Roger Taney, Alƙalin Alƙalan da ya yanke hukunci a shari'ar Dred Scott ta 1857 cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Cikin dare aka ɗauke shi a Agustan 2017. A ɗaya ɓangaren kuma ga na Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar da ta haramta raba makarantun fari da baƙi a 1954, ya kuma zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967. Wato dai mutanen nan har gobe ba su gama sasantawa a kan wanda za su tuna da wanda za su kawar ba.

Sai dai malami ba ya ɓoye wa almajiransa gaskiya. Littafin Haley yana da tabo. Masana tarihi sun bi takardun da ya dogara da su, suka ga salsalar da ya jero ba ta haɗu yadda ya faɗa ba, labarin da aka ba shi a ƙauyen Jufure ma akwai shakka a kansa. A 1978 kuma ya sasanta da marubuci Harold Courlander, wanda ya yi ƙararsa a kan ɗibar wasu sassa daga littafinsa. Jirgin dai gaskiya ne, bayin ma gaskiya ne. Abin da littafin ya yi wanda ba a musu shi ne, ya sa ɗimbin Amurkawa, baƙi da farare, suka shiga ɗakunan adana takardu suna neman sunayen kakanninsu.

Muna zaune a kan dakali kusa da mutum-mutumin, ina yi wa yaron wannan bayani, sai ya ce, "Kawu, mu fa? Wane ne kakan kakanmu?" Na kira sunan mahaifina, na kira na kakana, na kira na ubansa wanda aka ce fataucin goro ya kawo shi Salaga. Daga nan bakina ya mutu. Garin da ya baro ma, wasu tsofaffinmu Kano suke cewa, wasu Katsina. Kuma kowa ya sani ba goro kaɗai ake sayarwa a kasuwar Salaga ba, har da mutane, amma wannan zance a gidajenmu ba a tayar da shi. Ga ni malamin makaranta, na haddace shekarun wata ƙasa, na kasa amsa wa yaro tambaya a kan gidanmu. Su an raba su da sunayensu da ƙarfin bulala, mu kuwa sakaci ne yake raba mu da namu.

Da na dawo gida, aikin farko da na ba 'yan ajina shi ne kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwar gidansu da littafi da biro, ya rubuto sunaye da garuruwa da hanyar da aka biyo, mai daɗi da mara daɗi. Ni ma na sayi nawa littafin, na fara da gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage mana. Ina roƙon iyaye, idan yaro ya zo da irin wannan tambaya, kada a kore shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace, amin.