Kwana biyar a Ayalan: ƙasar da dankali ya kusa ƙararwa, harshenta kuma ya kusa ɓacewa

Duk wanda aka taɓa aika kasuwa ya sayo dankalin Turawa ya san sunan ƙasar nan, ko da bai san ya sani ba. “Arish” ɗin da masu kayan miya suke kira, wanda ake lodowa daga Filato, sunan mutanen Ayalan ne ya manne masa. Da sanin wannan kaɗai na hau motar masu yawon buɗe ido a birnin Dablin, wata safiya a watan Yuni, bayan mun gama jarrabawa. Mu kusan talatin ne a doguwar motar, da direba, da jagorarmu, wata dattijuwa da ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Ƙannena ɗalibai, ga abin da na gani a kwana biyar ɗin.

Ayalan tsibiri ne a yammacin Ingila, teku ya kewaye shi ta ko'ina. Kashi biyu ne: Jamhuriyar Ayalan mai babban birni Dablin, wadda ƙidayar 2022 ta ba mutum miliyan biyar da ɗoriya, sai kuma gundumomi shida na arewa da har yau suke ƙarƙashin Birtaniya. Mu a Jamhuriyar muka yi yawonmu. Jagorar ta fara da gargaɗi cewa kowa ya riƙe rigar ruwa kusa, domin a can ana iya ganin rana da yayyafi da iska duk kafin azahar. Gaskiyarta kuwa. Wannan yayyafin ne ya sa ƙasar take kore shar rani da damina.

Ranar farko ta littattafai ce. A jami'ar Trinity, wadda aka kafa a 1592, aka kai mu wani ɗaki mai ƙarancin haske inda aka ajiye Littafin Kells cikin akwatin gilashi. Linjila ce ta harshen Latin, wadda malaman addinin Kirista suka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, a kan fatar maraƙi da aka jeme, warƙa 340. Zayyanar da ke jikinsa ta yi ƙanƙanta har sai mutum ya sunkuya ya ƙura ido. Ni dai allon zayyana na masu saukar karatu ya tuna mini.

Da rana aka ba mu awa biyu kowa ya zaga, jagorar kuwa da ta ji daga inda na fito sai ta ce kada in kuskura in bar ɗakin karatu na Chester Beatty, a harabar tsohuwar fadar Dablin. Shiga kyauta ne. Mai sunan wani attajirin haƙar ma'adinai ne, haifaffen Amurka, da ya ƙare rayuwarsa yana tara tsofaffin rubuce-rubuce, ya rasu a 1968 ya bar wa mutanen Ayalan su. Cikin tarin akwai kwafen Alƙur'ani sama da 260, har da wanda shahararren marubucin nan Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira. Shekara dubu ke nan da 'yan kai. Na fito ina tunanin littattafan kakanninmu da gara take ci a cikin adaka.

Kafin yamma mun tsaya gaban babban gidan waya a titin O'Connell. A nan ne ranar 24 ga Afrilu, 1916, wani malamin makaranta mai suna Patrick Pearse ya karanta sanarwar 'yancin Ayalan daga mulkin Birtaniya. Boren bai wuce kwana shida ba aka murƙushe shi, aka harbe shugabanninsa 14 a kurkukun Kilmainham. Amma kisan ya juya zukatan jama'a, kuma a 1922 mafi yawan tsibirin ya sami mulkin kansa. Da yawa cikinmu ba mu san cewa akwai Turawan da su ma Ingila ta mulka ba, kuma su nasu ya ɗauki ɗaruruwan shekaru.

Washegari muka nufi arewa kaɗan, zuwa Newgrange a kwarin kogin Boyne. Daga nesa tudu ne kawai mai ciyawa a ka. Ashe gini ne na duwatsu da aka yi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi manyan dalar Masar. Ana shiga ta wani siririn lungu mai tsawon mita 19, sai an sunkuya, a iske ɗaki a tsakiya wanda rufinsa bai taɓa yoyo ba. A saman ƙofar akwai wata 'yar taga. A ranakun da dare ya fi tsawo a shekara, wajen 21 ga Disamba, hasken fitowar rana yakan bi ta tagar nan ya ratsa lungun ya haska ɗakin na kimanin minti 17. Sai ma'aikacin wurin ya kashe fitila ya kwaikwaya mana da hasken lantarki. Mutanen da ba su da ƙarfe, ba su da rubutu, sun lura da tafiyar rana har suka auna ta haka. Masu cewa lissafi ba shi da amfani, ga amsa.

Daga nan muka ɗauki hanyar yamma, kusan kilomita 200 zuwa birnin Galway. Direba yana bin hannun hagu, ni kuwa gabana yana faɗuwa duk lokacin da mota ta taho. Gonaki duk an shinge su da duwatsu da aka jera ba siminti ba laka. Tumaki birjik, kowace an shafa mata fenti ja ko shuɗi a baya don mai ita ya gane abarsa. A wasu wurare muka ga an yanko baƙar ƙasa daga fadama kamar tubali an jera tana bushewa. Ruɓaɓɓun tsirrai ne na dubban shekaru, da ita ake hura wuta a gidajen ƙauye maimakon itace. Wani abin mamaki kuma, ƙarfe goma na dare ta kusa amma gari da sauran haske.

A rana ta uku ne yawon ya daina zama na nishaɗi kawai. Mun ratsa yankin Connemara zuwa wani kwari mai suna Doolough, tafki baƙi ƙirin tsakanin duwatsu, babu gida babu bishiya. A kan hanya jagorar ta riƙa nuna mana wasu layuka a jikin tuddai, kamar kunyoyin da ciyawa ta rufe. Kunyoyin dankali ne, na mutanen da suka mutu ko suka gudu.

Ga yadda abin ya faru. Asalin dankalin Turawa daga Kudancin Amurka yake, amma ya karɓi ƙasar Ayalan sosai. Talakawa ba su mallaki gonaki ba, haya suke biya ga manyan masu ƙasa, kuma ɗan fegin da ya rage musu dankali ne kaɗai zai iya ciyar da iyali a cikinsa. Mutum wajen miliyan uku suka dogara da shi safe da rana da dare, kuma mafi yawa iri ɗaya suke shukawa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa. Ta sake dawowa a shekarun da suka biyo. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da take jawowa, fiye da miliyan ɗaya kuma suka tsallaka teku zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Duk wannan lokaci ana fitar da hatsi da shanu daga tashoshin jiragen ruwan ƙasar, domin mai jin yunwa ba shi da kuɗin saye. A kwarin da muke tsaye, a watan Maris na 1849, ɗaruruwan mayunwata suka yi tattaki cikin sanyi don neman jami'an agaji, da dama suka faɗi a hanya ba su tashi ba.

Ƙidayar 1841 ta nuna mutum sama da miliyan takwas a tsibirin. Har yau, bayan shekara fiye da 170, yawansu bai koma haka ba. Taimako ya zo daga wuraren da ba a zata ba: Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika fam dubu ɗaya a 1847, mutanen ƙabilar Choctaw na Amurka, waɗanda su ma ba su daɗe da korarsu daga ƙasarsu ba, suka yi karo-karo suka aika. Motar ta yi tsit da muka koma ciki. Idan malamin aikin gona ya ce muku kada manomi ya dogara da amfani guda, ku tuna da Doolough.

Yunwar ba mutane kaɗai ta ci ba, har da harshe. Mafi yawan waɗanda suka mutu ko suka yi hijira masu magana da harshen Gaeilge ne, harshen asali na Ayalan. Waɗanda suka rage suka ga Ingilishi ne kaɗai zai fisshi ɗa idan ya je neman aiki a waje. Jagorar ta ba mu labarin wani ɗan itace da ake rataya wa yaro a wuya a ƙarni na 19: duk lokacin da ya yi magana da harshen uwarsa sai a yi tsaga a jiki, daga baya a yi masa bulala gwargwadon tsagar, sau da yawa ma da yardar iyaye. Nan na tuna takardar sunayen masu yin Hausa a aji da monita yake rubutawa a makarantarmu, da yadda muke biyan tara. Da na gaya mata, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce haka nasu ya fara.

Yau Gaeilge ne harshen hukuma na farko a tsarin mulkin ƙasar, kuma ana koyar da shi a makarantun firamare da sakandare. Allunan hanya da harshe biyu suke. Akwai gidan rediyo da aka buɗe a 1972 da gidan talabijin na TG4 da ya fara a 1996, dukansu a nan Connemara. Da hutun bazara ɗalibai daga birane sukan zo ƙauyukan yankin su zauna a gidajen mutane mako biyu ko uku don bakinsu ya faɗa. Duk da wannan ɗawainiya, a ƙidayar 2022 mutum kimanin dubu 72 ne kacal suka ce suna magana da shi kullum a wajen makaranta. A ƙauyen An Spidéal na ji wasu tsofaffi biyu suna hira da shi a bakin shago, jagorarmu ta tsaya tana saurare kamar mai jin muryar mahaifiyarta.

Rana ta huɗu muka gangara gundumar Clare, ta cikin Burren, fili na farin dutse tsattsage da furanni suke tsirowa a cikin tsagoginsa, har zuwa gaɓar Moher. A nan ƙasa take yankewa tsaye, mita 214 a inda ya fi tsawo, teku na dukan gindin dutsen, dubban tsuntsaye suna sheƙa a jikinsa. Iskar wurin tana iya ture mutum, shi ya sa aka hana tsallake shinge don ɗaukar hoto. Daga nan in ka miƙe yamma babu wata ƙasa sai ka kai Kanada. Wannan tekun ne masu gudun yunwa suka tsallaka, mafi yawansu ba su sake ganin gida ba.

A hanyar komawa Dablin jagorar ta koya mana “go raibh maith agat”, wato na gode, ni kuma na koya mata “sannu da aiki”. Ta sa na rubuta mata a bayan tikitinta.

Hausa ba ta cikin halin da Gaeilge yake ciki, masu jin ta miliyoyi ne. Amma nawa ne cikinku za su iya rubuta wasiƙa shafi guda da Hausa ba tare da kuskuren ƙa'ida ba? Nawa ne suka san sunayen itatuwa goma na garinsu? Ku koyi Ingilishi da Larabci da Faransanci iya ƙarfinku, babu mai hana ku. A wannan hutun dai, ku zauna da kaka ko wani dattijo a unguwa, ku ɗauki biro da littafi, ku rubuta kalmomi ashirin da ba ku taɓa ji ba, tare da ma'anarsu. Ku kawo wa malamin Hausa idan an koma makaranta.