Kunne Shi Ke Sāke Magana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da na gani a gidana, nan Wurno.

Ina da jikoki maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ba wanda ya taɓa wuce Goronyo. In na ce "zamna," babban ya ce "zamna," ƙaramin kuwa sai ya ce "zauna." Haka "sabka" da "amre," shi "sauka" da "aure" ya ke faɗi. Na yi masa faɗa, har na zargi rediyo. Yaron ya rantse abin da ya ji daga bakina ke nan. Sai jikina ya yi sanyi.

Wani Bajamushe, Klingenheben, ya nuna tun 1928 lafazinmu shi ne na dā, na Kanawa ne ya sāke. To, ina tsammani can ma wani yaro mai irin kunnen jikana ya soma, abokan wasa suka ɗauka, har ya shiga littattafai. Ga shi yanzu ƙannensa mata shi su ke bi, ba ni ba.

Malaman Rabah da Goronyo, ko kun ga haka a gidajenku?

Naka,
Wani Dattijo, Wurno.