Ɗakin Inna Da Madubi Mai Tsawon Mutum

Shekara biyu cur ɗakin Inna yana kulle bayan rasuwarta. Ba wanda ya hana a buɗe shi. Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar falo, kowa yana ganinsa, kowa yana kau da kai. Ran nan bayan sallar isha'i sai uwargida ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Malam, dubi wannan." Hoton wani ɗaki ne a Instagram: fararen kabad tun daga ƙasa har rufi, ƙofofinsu na gilashi, fitila tana reto a tsakiya, ga madubi mai tsawon mutum. Babu gado, babu tabarma. Ɗaki ne sukutum da aka ware wa tufafi da kwalliya. Na ce ya yi kyau. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ɗakin Inna fa?"

Ban ba ta amsa a daren ba. Gidanmu na Tudun Wada ba wani babban gida ba ne, kuma duk wanda ya san unguwar ya san yadda ɗaki yake da tsada a cikinta, tsakanin ɗaliban Kongo masu neman haya da dangi masu sauka idan sun zo asibiti. A ce an ba atamfa da takalma ɗaki guda a irin wannan wuri, ai abin a yi da mutum ne. Da na kira yayarmu da ke Kaduna na gaya mata, ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Ɗakin da ta yi shekara arba'in tana salla a ciki, shi za ku mayar wurin shafa hoda?" Ta kashe waya.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne buɗe ɗakin. An riga an raba gado, amma abin da ya faɗo rabona yana nan inda ta bar shi: adakar ƙarfe guda biyu, kaskon turaren wuta, tandun kwalli, da kabad ɗin da ta jera kwanonin kwalla a ciki, babba a ƙasa, ƙarami a sama, ba ɗaya da ya karkace. Ƙamshin jema da kanumfari bai gama barin bangon ba. Na tsaya ina kallo, sai na ga cewa abin da uwargida take nema a waya, Inna ta riga ta yi shi tun kafin a haife ni. Ɗakin macen Bahaushe dama can ɗakin ado ne. Kakanninmu sun yi jere da ƙorai, sannan aka shiga tasoshin tagulla irin na Bida, aka koma kwalla, daga baya tangaran ya zo ya ture su. Kowane zamani da abin da ake jerawa, amma ido ɗaya ne yake aunawa, kuma ba a taɓa ɗaukar jeren mace a matsayin almubazzaranci ba. Dukiyarta ce, kuma takan sayar da wani abu daga ciki ranar da gida ya shiga matsi. Inna ta yi haka shekarar da zan shiga jami'a, ban sani ba sai bayan na gama.

Don haka na yarda, bisa sharaɗi ɗaya: ba za mu kwafi hoton ba.

Kafintan farko da muka kira bai ji wannan sharaɗi ba. Ya zo da zane cike da sandunan rataye kaya, irin na masu kwat da siket. Na tambaye shi inda zan sa babbar riga, sai ya nuna mini sanda. To, duk wanda ya taɓa riƙe aska takwas ta ɗinkin hannu, irin wadda ake yi a cikin birnin nan, ya san nauyin aikin da ke gabanta. In ka rataye ta wata biyu wuyan zai saki, kafaɗa ta yi ƙaho. Babbar riga ninke ta ake yi, kamar yadda ta fito daga hannun mabugi, a kwantar da ita a wuri mai faɗi. Haka zani, haka shadda, haka leshi. Tufafinmu yawancinsu na kwance ne. Ɗakin da aka tsara domin su yana buƙatar kanta masu faɗi da zurfi, kusa da juna, don kada a ɗora riga goma kan riga ɗaya. Hula kuwa tana son gurbinta ita kaɗai, inda ba abin da zai danne ta bayan an biya kuɗin wanki.

Sai batun katako. Wanda ake yayi yanzu, na garin katako da aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi, yana da kyau ranar da aka kafa shi. Amma a Zariya muke. Ruwan watan Agusta yana shiga bango, danshi ya taso daga ƙasa, irin wannan katako ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Daga Nuwamba kuma hunturu ya zo da ƙurar da ba ta neman izini, ta bi ta kowace kafa. Kabad marar ƙofa da ake gani a hotunan Turai, a nan tarkon ƙura ne. Muka sallami kafintan cikin mutunci, muka samo wani dattijo wanda ya ce maɗaci zai sa, kuma zai ɗaga ƙafafun kabad daga ƙasa saboda danshi da gara, ya bar 'yar tazara tsakaninsa da bango don iska ta riƙa zagayawa. Kuɗin ya ninka. Na yi wata uku ina biya, kuma ba zan ce ban yi gunaguni ba.

Fitila mai reto kuwa mun hakura da ita, don abin dariya ne a rataye ta a unguwar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Muka faɗaɗa tagar gabas, aka kafa madubin a gefenta yadda hasken safe zai faɗo a fuskar mai kallo, aka ƙara ƙwai biyu na sola saboda dare.

Akwai abu guda da na dage a kai. A da, duk lokacin da na shiga tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, nakan daɗe ina kallon bakan gizon da ke riƙe da rufinsa. Ƙasa ce da azara kawai, amma ban taɓa ganin ginin da ya fi shi kwarjini ba. Na ce wa dattijon ya lanƙwasa saman firam ɗin madubin a kan wannan siffa, ya sassaƙa dagi ƙarami a tsakiya. Ya yi murmushi, ya ce rabon da a nemi haka a wurinsa har ya manta. Bangon muka bar shi fari. Adakokin Inna suna ƙarƙashin taga, an ɗora musu kilishi, a kansu uwargida take zama ta ɗaura ɗankwali. Kwanonin kwalla suna kanta ta sama, a jerensu na da, sai dai yanzu sarƙoƙi da 'yan kunne ne a ciki. A kusurwa akwai kabbasa da kasko, kuma sallayar Inna tana nan inda take, tana fuskantar alƙibla.

Yaya ta zo da Babbar Sallar da ta wuce. Ta gaisa da kowa, ta ci abinci, ba ta ce komai a kan ɗakin ba, mu ma ba mu tayar da zancen ba. Da la'asar na ga ta shiga ita kaɗai ta turo ƙofa. Ta jima a ciki. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta dubi uwargida ta ce, "Amarya, wancan kwanon mai furen kore ba nan yake zama ba. Na uku ne daga ƙasa." Suka koma tare su gyara.