Yadda Muka Rage Ƙiba

Da ni da uwargida, ƙiba ta kai mu har ba mu iya takawa zuwa majami'a. Mutane kuwa suna ta cewa, "Kai, kun ji daɗi!" Ran da likita ya auna mu, ya ce hawan jini ne da ciwon sukari, in ba mu sake hali ba 'ya'yanmu za su tashi marayu.

Malmala uku ta koma ɗaya. Muka rage man ja, muka bar lemon kwalba. Kowace asuba mukan zaga unguwa muna haki, yara suna dariya.

Da jiki ya ragu, goggo ta zo da kuka, wai wani ciwo muke ɓoye mata. Da kyar ta yarda. Bana da hannunmu muka nome gonar gyaɗa.