ABUBUWA BAKWAI NA HUTUN DAMINA

Masu iya magana sun ce sai gobe ta raggo ce. Mun daɗe muna jin wannan magana, amma ba ta shige mu sosai ba sai ranar da Inna ta sa mu kwashe mata tsohon akwatinta a gidanmu na Minjibir. A can ƙasa, cikin tsummokara, muka tsinci wata takarda da aka yago daga littafin makaranta, duk ta yi ja don tsufa. Rubutunmu ne, mu uku 'yan ɗaki ɗaya. A kanta an rubuta: "Abubuwan da za mu yi a hutun damina, 1988."

Abubuwa bakwai ne. Mu kama shinge. Mu yi langa a farin wata. Mu gasa tumu. Mu bi masu jakuna zuwa birni mu hau Dutsen Dala. Mu je madatsar ruwa ta Wasai mu shiga kwalekwale. Mu koyi saƙa wajen Kawu. Na bakwai kuwa, mu rubuta tatsuniyoyin kakarmu Iya a littafi, domin malaminmu na Hausa ya ce duk wanda ya kawo goma zai ba shi kyauta.

Ba mu manta da ranar da muka nuna wa Baba takardar nan ba. Ya sa aka karanta masa tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "To, samari, na ji. Amma ban ji inda kuka rubuta fartanya ba." Gaskiyarsa kuwa, domin a ƙasarmu hutun makaranta ba hutu ba ne. Mai karatu da ya san karkarar Kano ya san gona tana manne da gona, ba saura, ba daji, ba a barin fili ya huta. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki, wanda ake tarawa da rani, har daga birni ake ɗauko shi a mangala bisa jakuna. Wannan dabara ce ta ja hankalin Michael Mortimore, Baturen nan masanin labarin ƙasa, ya yi ta nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960. Mu dai a lokacin ba nazari muka sani ba, maimai muka sani, da gero da dawa da gyaɗa da wake da ke jiran hannu tun sassafe.

Duk da haka uku na farko ba su ba mu wahala ba, don damina da kanta take kawo su. Ruwa ya ɗauke da dare, shinge ya taso, muka kewaye fitila da kwanon ruwa. Wata ya yi fari, muka cika dandali da ihu. Gero ya nuna, muka hura wuta a bakin gona muka murje tumu da tafin hannu. Sauran huɗun ne suka gagara, kowanne da dalilinsa.

A watan Agusta na shekarar nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har madatsar Bagauda ta ɓalle a kudancin Kano. Da labari ya iso ta rediyo, Inna ta rantse ba mai zuwa kusa da Wasai. Masu jakuna suka ce tafiyar birni ta rani ce. Kawu ya ce mu zo bayan la'asar, ya nuna mana yadda ake jefa ƙoshiya, mu kuwa la'asar ta ƙwallo ce. Iya ma kullum sai ta tsokane mu ta ce, "Angwayena, ina littafin naku? Ga ni zaune." Mu kuma mu ce, "Iya, sai gobe, yau mun gaji." Haka gobe ta yi ta bin gobe har aka koma makaranta, muka ce ai badi ma shekara ce.

Yanzu da muka zauna mu uku, furfura ta fara fitowa, muka bi takardar layi-layi, sai muka ga abin da yaro ba ya gani. Dutsen Dala ya jira mu. Aiki ya kai mu birni, mun hau shi ba adadi, kuma zai jira jikokinmu. Wasai ma tana nan tun da aka gina madatsar a 1976, ana su, ana noman rani, sai dai sanin da muka yi cewa kogin Jakara yana kwaso dattin birni da ruwan masana'antun Bompai ya zuba a ciki ya rage mana ɗokin. Amma Kawu ya rasu, ba wanda ya gaji masaƙarsa a gidanmu, alhali saƙa na cikin abin da aka san Minjibir da shi. Iya kuwa ba ta ga daminar gaba ba. Muka yi ta ƙoƙarin tuno tatsuniyoyinta, wannan ya kawo kai, wancan ya kawo wutsiya, waƙoƙin cikinsu sun ɓace gaba ɗaya. Ko guda ɗaya ba mu iya haɗawa cikakkiya ba.

Ashe kuskurenmu ba yawan buri ba ne, jeri ne ba mu iya ba. Mun sa dutse da tsohuwa a layi ɗaya, kamar dukansu jira ɗaya za su yi mana.

Da dogon hutun bana ya gabato, muka tara 'ya'yanmu muka ce kowa ya faɗi abin da yake so ya yi. Suka lissafo gidan namun daji na Audu Bako, da Gidan Makama, da kallon ƙwallo, da wasannin waya. Ba mu soke ko ɗaya ba, don mun tuna mu ma an bar mu da namu. Abu guda muka roƙa, cewa mu ne za mu rubuta na farko. Muka rubuta: mako biyu a Minjibir wajen Inna, kowane dare a ɗauki muryarta a waya.

Ƙaramar cikinsu ta turo baki ta ce, "Baba, ba za a bari sai hutu na gaba ba?" Muka dubi juna, ba wanda ya iya cewa uffan. Babbanmu ne ya zaro tsohuwar takardar ya miƙa mata, ya ce ta karanta na bakwai.

Inna dai ido ya yi rauni, ƙafa ta yi nauyi, amma baki na nan garau. Da muka gaya mata shirin, ta yi dariya ta ce su zo da tabarmarsu, kuma a gaya musu ita ba ta tatsuniya da rana. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya sa wannan karon mu cika na farko kafin mu waiwayi saura.