Tsutsar da ake yankawa ta tashi biyu

1/ Jiya a gidan suna a Ƙofar Sauri kawuna ya tare ni a gaban mutane: "Ɗiyata, shekara uku kina digirin dakta, wai duk a kan tsutsa?" Aka fashe da dariya. Na kasa ba shi amsa a wurin, bari in bayar a nan.

2/ Sunanta filanariya. Shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ce ta ruwan daɗi, tsawonta bai wuce farce ba. Ka yanka ta gida uku da reza, cikin mako biyu kowane yanki ya fitar da kai, ido da ƙwaƙwalwa. Tun 1898 Thomas Hunt Morgan ya nuna ɗan ƙaramin gutsure ma yana komawa cikakkiyar tsutsa.

3/ Sirrin yana cikin wasu ƙwayoyin halitta, niyobilas, masu iya zama fata, hanji ko jijiya. A 2011 masu bincike a Amurka suka kashe su duka da haskawa, suka dasa ƙwaya ɗaya tak a jikin tsutsar. Ta rayu, ta sake gina kanta.

4/ Aikina shi ne bin yadda zafi ke rage saurin wannan tsiro. Ba ta son ya wuce digiri 20 da 'yan kai, mu kuwa kun san Afrilun Katsina. Bara wuta ta ɗauke kwana huɗu, aikin wata bakwai ya narke a kwano. Wallahi na yi kuka.

5/ Inna ce ta ce, "Ki sa kwalaben cikin randa mana." Randa ta cece ni. Duk mako nakan sayo musu hanta wurin mahauci, shi ma har yau bai yarda ba ni ke ci ba.

6/ To ina amfanin? Tsutsar tsargiya, wadda ke sa yaranmu fitsarin jini bayan wanka a kududdufi, danginta ce. A 2013 aka gano ita ma tana da irin waɗannan ƙwayoyin. Ana ganin su ke taimaka mata ta yi shekaru a jijiyar jinin mutum tana gyara jikinta.

7/ Maganin da muka dogara da shi kusan guda ne, farazikwantel. Ba ya kama ƙananan tsutsotsi sosai, kuma yaro ya koma ruwa sai ya sake kamuwa. Ƙanena sau biyu yana sha muna yara.

8/ Tsargiya sai da katantanwa da jikin dabba take rayuwa, renonta a ɗakin gwaji wahala ne. Filanariya kuwa kwalba da hanta sun ishe ta. In mun gane yadda wannan ke gyara kanta, mun samu bakin zaren hana waccan.

9/ Kawu, ka ji dalilin. Gobe da asuba ina da yanka arba'in. Ku sa ni a addu'a, kuma yaron da ya ga jini a fitsari a kai shi asibiti, ba alamar balaga ba ce.